Mota Ta Daina Ja: A Bincika Kafin A Ɗora Wa Turbo Laifi

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, unguwar Hajara, Sabha



Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai masu motoci da masu kaya, 'yan'uwana direbobi da makanikai da yaran mota, da baƙinmu da suka taso daga Gurda da Mahadiya da Manshiya, har da waɗanda suka yi tattaki daga Gatrun da Murzuk, ina yi wa kowa barka da zuwa, barka da ganin wannan rana. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa ƙungiyar nan, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana.

Ma'aji ya karanta mana lissafin kuɗi, shugaba kuma ya yi bayani kan takardu da zama lafiya da masu masaukinmu. Ni kwamiti ya ce in yi magana a kan ƙarar da ta fi yawan zuwa teburina, wato maganar mota ta daina ja. Aikina rubutu ne. Ni ke rubuta motar da ta tashi da ranar da ta iso, ni ke rubuta abin da aka yanke idan an yi sulhu. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga irin waɗannan zaman sulhu, da bakin makanikanmu da tsofaffin direbobi, da littattafan da kamfanoni ke haɗowa da motocinsu.

Kusan kullum hanya ɗaya rigimar take bi. Mai mota yana Agadas ko Damagaram ko Kano, sai ya ji saƙon murya a WhatsApp: “Alhaji, turbo ya mutu, a aiko da kuɗi.” Alhaji ya aiko, zuciyarsa ba ta kwanta ba. A sa sabon turbo, a yi lodi, kafin a kai Ummul Aranib mota ta koma gidan jiya. Alhaji ya ce direba ya ci kuɗinsa, direba ya ce makanike ya sa masa jabu, makanike ya ce lodi ne ya yi yawa. Mutum uku da suka shekara suna cin abinci a kwano ɗaya, sai ga su a ofis ba mai kallon wani. Kuma sau da yawa idan aka bi diddigi, ba wanda ya ci amanar wani. An canza abin da lafiyarsa ƙalau ne, aka bar mai ciwon a jikin mota.

Don haka magana ɗaya nake so mu tashi da ita yau. Idan mota mai turbo ta yi sanyi, turbo shi ne na ƙarshe da za a tuhuma. A fara daga abin da ake dubawa kyauta, a bi a hankali zuwa mai tsada. Kuma a yi wannan binciken a nan cikin gari, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da sanin shi kansa turbo. Kowa a nan ya taɓa tsayawa a maƙera. Gawayi ɗaya ne, amma idan yaron maƙeri ya kama zugazugi sai wuta ta yi ƙarfin da za ta narka ƙarfe. Inji ma haka yake: mai shi ne gawayi, ƙarfinsa kuma yana ga yawan iskar da ya samu. Turbo zugazugin inji ne. Farfela biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta baya, ita kuma ta gaba ta zuƙo iska ta danna ta cikin inji. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi wa wannan dabara rajista tun 1905. Farfelar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, tana ƙara matsin iska da kamar bar 1, wato kusan rabin abin da muke sa wa tayar Hilux a kan kwalta.

Ku dubi bambancin. Tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ, lita 4.2 ce, silinda shida, ba ta da turbo, ƙarfinta bai wuce na doki 130 ba. Hilux D-4D mai injin 1KD lita 3.0 ce kawai, silinda huɗu, amma ta haura doki 160. Iska ce ta kawo wannan rata. Ranar da iskar ta ragu, Hilux ta koma ƙaramin inji ɗauke da lodin babbar mota. Maganar tawa ta shafi masu Hilux 2.5 da 3.0, da sababbin 2.4 da 2.8 da suka fara fitowa a 2015, da Land Cruiser V8 mai lita 4.5, da manyan motocinmu na Mercedes da MAN. Masu 1HZ da masu Hilux mai shan fetur ta lita 2.7 ba su da turbo, amma kada su tashi, rabin abin da zan faɗa nasu ne su ma.

Akwai abu ɗaya da in an gane shi an gane komai. Turbo ba ya aiki shi kaɗai. Yana buƙatar iska ta shigo ba cikas, yana buƙatar bututun da ba ya yoyo, yana buƙatar hayaƙi mai ƙarfi, hayaƙi kuma ba ya samuwa sai mai ya isa inji. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya samu matsala, direba abu ɗaya zai ji a ƙafarsa: ya taka totur, mota ta yi masa shiru.

Mataki na farko, a tabbatar ma injin ne. Idan ka taka totur inji ya yi ƙara, allurar juyin inji ta hau, amma gudu bai ƙaru ba, wannan kuloci ne yake sulɓewa, ba ruwan turbo. Idan kun yi tafiya kaɗan, ku tsaya ku kai hannu kusa da kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta ne ya kama. A duba iskar taya, domin mukan rage ta saboda rairayi mu manta ba mu mayar ba da muka hau kwalta. A dubi lodi da idon gaskiya: taliya da man girki da tumatirin gwangwani da dabino, ga durowan mai, ga jarkokin ruwa, ga mutane a sama. Sannan a tuna da zafi. Iskar da ta kai digiri 45 ta fi ta digiri 15 rashin kauri da kusan kashi 10 cikin 100. Motar da ke ja da asuba ta ɗan yi nauyi da azahar a watan Yuli, wannan halin iska ne. Wadda ta yi sanyi safe da rana, ita ce mai magana.

Mataki na biyu, a saurari mota, a kalli hayaƙinta. Wani ya tsaya a baya ko ya biyo ku da wata mota lokacin da kuke hawa tudu da lodi. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa: ko iska ba ta shiga, ko tana zurarewa a hanya, ko nozul yana zubar da mai fiye da ƙima. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da warin ƙuna, baƙin mai ne inji ke ci. Farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi, ko ruwa ne ke shiga ko man bai ƙone ba. Idan kuwa ba hayaƙi sam, mota ba ta ja, to a fi zargin mai ne ba ya isa, ko kwamfutar mota ce ta rage shi da gangan. Kunne ma yana da nasa aiki. Huci kamar na kumurci lokacin da aka taka totur, iska ce ke fita ta wata kafa. Kuka mai tashi da sauka kamar jiniyar motar asibiti, wannan kam daga farfela ne. Direban da ya zo gareji da wannan bayani ya rage wa makanike rabin aiki, ya rage wa mai gida rabin kuɗi.

Mataki na uku, filtar iska. A ƙasar nan da iskar gibli kan rufe gari da ƙura, a hanyar da mota goma ke bin sawun juna, filta kan toshe cikin tafiya ɗaya. Ita ce ta fi komai araha, ita ce kuma ta fi komai yawan laifi. Roƙona ga yaran mota: ku daina buga ta a jikin taya, ku daina hura ta da iskar kwamfaresa mai ƙarfi. Takarda ce, tana yagewa inda ido ba ya gani. Idan an cire ta, a sa yatsa cikin bututun da ke bayanta. In yatsa ya fito da ƙura, ƙasa tana wucewa zuwa farfela, kuma rairayi a kan abin da ke juyawa sau dubu ɗari a minti daidai yake da dutsen wasa wuƙa. Kada wanda ya cire filta ya yi tafiya don wai mota ta samu numfashi. Za ta ja yau, ta ci turbo da ringi gobe. A leƙa bakin da iska ke shiga, leda kan maƙale a wurin. A matsa babban tiyon da ke tsakanin filta da turbo, domin idan ya tsufa ya yi laushi yakan shafe ya toshe kansa lokacin da turbo ke zuƙa, ya koma daidai da an ɗaga ƙafa.

Mataki na huɗu shi ne inda na fi so mu daɗe, wato yoyon iska. Daga turbo iska ba ta shiga inji kai tsaye. Matsawar da aka yi mata takan sa ta yi zafi fiye da tafasasshen ruwa, don haka sai ta bi ta intakula, wato lagireton da ke sanyaya iska. A wasu motoci yana saman inji, ƙarƙashin bonet mai hanci, a wasu yana gaban lagireton ruwa. Tsakanin nan akwai tiyo na roba da maɗaurai na ƙarfe. Zafi yana busar da roba, girgizar hanya tana kwance maɗauri, tsakuwa tana huda intakula. Turbo yana can yana aikinsa, iskar tana tafiya a banza, kamar mai ɗiban ruwa da guga mai huji.

Alamarsa ba ta ɓuya ga mai lura. Iskar da ke cikin bututun nan tana ɗauke da ɗan tururin baƙin mai, don haka duk inda take fita za a ga danshin mai ya kama ƙura ya yi baƙin tabo. A bi kowane tiyo da hannu, musamman ƙasansa da lanƙwasarsa, a matsa shi a gani ko zai buɗe baki. Makanike mai kayan aiki yakan toshe bakin bututu, ya sa iska kaɗan da ba ta wuce rabin bar ba, ya yayyafa ruwan sabulu. Inda kumfa ya tashi, nan ne. A duba bangaren hayaƙi ma: baƙin tabon toka a inda bututun hayaƙi ya haɗu da inji yana nufin hayaƙin da zai juya farfela yana guduwa tun kafin ya iso ta. Haka kuma intakulan da ƙura da ƙwari suka toshe fuskarsa ba ya sanyaya komai, a wanke shi.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Mota tana tsaye a gareji, giya a firi, an taka totur ta yi ƙara, kowa ya ce lafiya lau. To a tsaye turbo ba ya tara matsi sosai, tsagar da ke jikin tiyo ma ba ta buɗewa. Gwaji na gaskiya sai da lodi, a kan hanya, a giya ta uku ko ta huɗu, ƙafa a ƙasa. An taɓa kawo mana ƙarar wata Hilux da aka canza wa turbo har sau biyu, mai ita da direbansa sun kai ga rabuwa. Da dattawa suka ce a kai ta wurin wani makanike na uku kafin a yanke magana, sai ya kwanta a ƙarƙashinta ya sa hannu, ya samu tsaga a ƙasan tiyon intakula, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Turbo na farko da aka jefar, ƙila da yanzu yana aiki.

Mataki na biyar, kwamfutar mota da 'yan aikenta. Injin D-4D da ire-irensa kwamfuta ce ke auna man da za a ba su, ita kuma da abin da sensa suka gaya mata take aiki. Akwai sensa a bayan filta mai auna yawan iskar da ta shigo. Akwai wata a kan bututun shiga inji mai auna matsi, a wasu Toyota tana da siririn tiyo da 'yar ƙaramar filta da toka kan toshe. Idan waɗannan suka yi datti sai su kai rahoton ƙarya, kwamfuta ta rage mai, mota ta yi sanyi alhali turbo bai san an yi ba. Ana wanke su da maganin feshi da aka yi don haka. Ba a taɓa siririyar wayar da ke ciki da hannu ko sukundireba.

Wani lokaci mota tana cikin tafiya sai ƙarfi ya yanke gaba ɗaya, fitilar inji ta kama. Ka kashe ka tayar, ƙarfi ya dawo, can gaba ya sake yankewa. Wannan kwamfuta ce ta ga abin da bai yi mata ba, ta ɗaure inji don kada ya lalace. Turbon da ya farfashe ba ya warkewa don an murɗa makulli. A sa na'urar gwaji a karanta lambar. P0299, alal misali, tana cewa matsin iska bai kai yadda ake so ba. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Tiyo mai tsaga ma ita zai kawo, filta mai datti ma haka. Kuma kada a bari a goge lamba sai an rubuta ta a takarda. Na'ura mai kyau tana nuna matsin da kwamfuta ke nema da wanda ake samu a lokaci ɗaya, ana cikin tafiya. Gani ya kori ji.

A nan kuma akwai bawul ɗin da ake kira EGR, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji don rage gurɓata iska. Toka da tururin mai sukan haɗu su yi kauri kamar kwalta, su cike bututun shiga har hanyar iska ta ƙuntata. Idan bawul ɗin ya maƙale a buɗe, sai ya sace hayaƙin da turbo ke jira, mota ta yi ta baƙin hayaƙi ba ƙarfi. Kwancewa da wankewa ne maganinsa.

Mataki na shida, mai. Ko ka kira shi gazuwal irin na mutanen Nijar, ko gas irin na mutanen Najeriya, ko nafta yadda masu masaukinmu ke cewa, matsalarsa ɗaya ce. Farashin gwamnati a Libiya dirhami 150 ne lita, wato dinari ɗaya ya ba ka lita shida da ɗoriya. Amma duk mun san sau nawa ake samunsa a gidan mai a nan kudu. Yawancin abin da muke sha daga duro da jarka yake fitowa, ya bi hannu da yawa kafin ya iso tankinmu. A ciki akan samu ruwa, da tsatsa, da ƙasa, wani lokaci da gaurayen kananzir. Filtar mai tana toshewa, inji ya kasa samun abin da zai ƙona, hayaƙi ya yi rauni, turbo ya rasa mai juya shi. Na'ura za ta ce matsi ya yi ƙasa, kuma gaskiya ta faɗa, amma tushen abin yana cikin tanki.

Kafin a zuba mai daga duro, a ɗiba a farar kwalba a ajiye na ɗan lokaci. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, zai kwanta a ƙasa. A bar duro ya natsa, kada a tsotse shi har gindi, a tace da mazurari mai kyalle mai tsabta. Idan fitilar ruwa a mai ta kama, a tsaya a kwance ƙasan filta a zubar da ruwan. A jikin famfon mai na waɗannan Toyota akwai ƙaramin bawul da makanikai ke kira SCV, shi ma idan ya gaji yakan sa mota jinkirin ɗauka. Gargaɗi ɗaya ga yaranmu: man da ke zuwa nozul a waɗannan injuna matsinsa ya haura bar 1,000. Kada wanda ya kwance bututun nozul inji yana aiki, ko ya sa hannu yana neman yoyo yadda ake yi wa tsofaffin motoci. Man yana huda fata ya shiga jiki.

Mataki na bakwai, salansa da abin da ke sarrafa turbo. Bututun salansa da ya daki dutse ya lotse yana hana hayaƙi fita. Motocin da aka shigo da su daga Turai kuma da yawansu suna da matatar toka a cikin salansa, tana cika ta toshe. Shi turbo yana da abin da ke daidaita ƙarfinsa. A wasu ƙofa ce da ke sakin hayaƙi idan matsi ya isa. In ta maƙale a buɗe, ƙarfi ya tafi. A wasu, kamar 1KD, ƙananan fukafukai ne a ciki da ɗan injin lantarki ke motsawa, toka kuma takan riƙe su. A duba sandar da ke motsa su ko tana tafiya ba tare da cijewa ba, a duba siraran tiyo da wayoyin da ke zuwa wurin. Masu taɓa sukurin wurin don wai a ƙara wuta, su ji tsoron Allah da dukiyar mutane. Ƙarfin da aka samu ta nan, fistin ne ke biyansa.

Sai an wuce duk waɗannan, sannan a zo kan turbo. Inji a kashe, ya huce. A cire tiyon gaba, a haska farfela. Idan fukafukanta sun guntule ko bakinsu ya cinye, ko ta goge jikin gidanta, magana ta ƙare. A kama kan sandar da yatsa biyu. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi ba ne, domin a kan baƙin mai take shawagi idan inji na aiki. Motsi ciki da waje, ko taɓa bango, shi ne mutuwa. Danshin mai a bututu ba komai, amma mai kwance a cikin intakula haɗari ne babba. Injin gazuwal yana iya kama shan baƙin mansa, ya yi ta ƙara gudu da kansa, ka zare makulli bai tsaya ba. Idan haka ta faru, a taka birki da ƙarfi, a sa giya mafi girma, a saki kuloci inji ya mutu. Ko a toshe bakin iska da katako. Ba a sa tafin hannu.

In an tabbatar turbo ne, saura tambaya ɗaya: me ya kashe shi? Turbo bai cika mutuwa don kansa ba. Ko ƙasa ta shiga, ko baƙin mai ya yi datti, ko bai isa gare shi ba. A canza baƙin mai da filtarsa, a wanke ko a canza siririn bututun da ke kai masa mai, a wanke intakula, a zuba wa sabon mai a bakinsa kafin a tayar. Wanda bai yi haka ba ya sayi na biyu ne don ya bi na farko. A irin ƙurarmu, kada juyen mai ya wuce kilomita 5,000. Da safe a bar inji ya ɗan yi ɗumi kafin a matsa masa. Bayan doguwar tafiya ko fama da rairayi, a bar shi yana aiki minti biyu kafin a kashe, don kada man da ke cikin turbo ya ƙone ya daskare.

Iyayena da 'yan'uwana, da kuɗi kaɗai ne abin, da ban tsayar da ku haka ba. Kun fi ni sanin hanya. Daga nan zuwa Gatrun, zuwa Tajarhi da Tumo, sannan Madama, Sigidin, Dirku, kafin a tsallaka Tenere a ga hasumiyar masallacin Agadas. Bayan Gatrun, gareji sai Dirku, can ma ba kowane kaya ake samu ba. Motar da ba ta ja, a kwalta jinkiri kawai take jawowa. A rairayi kuwa ita ce mai yawan kafewa, ita ke tafiya a ƙaramar giya har inji ya yi zafi, ita ke shan man da ya wuce lissafin da aka yi mata. Mai ya ƙare kafin zango, kwana ya ƙaru, ruwan sha ya ragu. A ƙarshen watan Mayu na 2017, mutum 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace, har da mata da ƙananan yara. Mutum shida ne suka kai da ƙafa inda aka cece su. Allah Ya kiyaye mu. Kakanninmu da suka bi hanyar nan da raƙuma zuwa Murzuk da Tarabulus, madugu ba ya barin raƙumi mai ɗingishi ya shiga ayari, ko na wane ne. Motar da ta yi sanyi raƙumi ce mai ɗingishi.

Saboda haka direban da ya ji mota ta canza masa tsakanin Sabha da Gatrun, ya tsaya a duba ta ko ya juyo. Ba ragwanci ba ne. Mai mota kuma kada ya matsa masa a waya don kasuwa za ta wuce. Kowace mota ta riƙe filtar iska ɗaya, filtar mai biyu, maɗaurai, guntun tiyo, robar tsohon tib da waya, da galan na baƙin mai. Tiyon da ya tsage a daji, in aka naɗe shi da roba aka ɗaure, yana kai mutum gari idan an bi shi a hankali. Kuma kada mota ta shiga hamada ita kaɗai.

Zan rufe da shawara huɗu da nake miƙa wa kwamiti, in taro ya amince in rubuta su a littafi. Ta ɗaya, kowace mota ta samu ɗan littafinta da za a riƙa rubuta ranar juyen mai da canjin filta da kilomita. Ta biyu, kafin a nemi kuɗin turbo, direba ya aika wa mai mota hoton farfela da lambar da na'ura ta nuna, da jerin abin da aka riga aka duba. Ta uku, duk abin da aka cire a ajiye wa mai mota shi. Wannan kariya ce ga direba da makanike kafin kowa. Ta huɗu, ƙungiya ta sayi na'urar gwaji ɗaya da agogon auna matsin iska a ajiye a ofis, kowane ɗan ƙungiya ya yi amfani da su kafin ya yi lodi. Kuɗinsu bai kai na turbo ɗaya ba.

Makanikanmu suna nan zaune a gaba. Bayan an ci abinci za a buɗe bonet ɗin mota ɗaya a ƙofar ofis, su nuna wa yaran mota waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya. Ina roƙon iyayen gida su bar yaransu su tsaya.

 Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya sa albarka a kasuwa, Ya kai kowace mota gida lafiya da mutanenta. Allah Ya maimaita mana.